Fiyanon Madam Hilda da Shayin Likita

Ajiye jawwal ɗin nan, wayar hannun nan taka, Basiru, na gani ai. Ka kara shi a jikin fiyano, ka danna, fitila ta yi kore, halas, ka zama gwani. Madalla. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata kaina tsunduma cikin akwatunan mutane, ashe wauta na yi, da na zauna na jira ku. To tunda kun ce sana'ar ba komai ba ce illa murɗa ƙusa, ku matso, a ƙaro mini shayi, in gaya muku yadda ake murɗa ta.

Daga Damagaram na zo, da niyyar in yi hajji in koma, kamar kowa. Ban koma ba, kamar kowa. Dako na fara a Bab Makka, lokacin duk inda ka duba a Jidda rami ne da siminti, kowane mai hali yana ɗora bene. Wata rana aka ɗauke mu mu hau sama da wani baƙin akwati, nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Da muka dire shi, wani tsoho ɗan Sham mai guntun gemu ya buɗe cikinsa, sai ga wayoyi jere reras, kowace ɗaure a ƙusarta. Ya danna wani farin haƙori a gaban akwatin, ya murɗa ƙusa, ya sake dannawa. Ina tsaye ina jiran a sallame mu, bakina ya suɓuce, na ce da ɗan Larabcina na 'yan dako, "Wannan tana rawa." Ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya danna wani haƙorin, ya ce, "Wannan fa?" Na ce ta tsaya. Washegari na bar dako. Sunansa Mu'allim Ilyas, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini duk abin da na sani.

Rawar nan ita ce sana'ar gaba ɗaya. Yawancin haƙoran fiyano wayoyi biyu ko uku ke bayan kowanne, kuma dole su yi magana da baki ɗaya. In ɗaya ta ɗan saki, za ka ji sautin yana karkarwa, wa-wa-wa. Aikinka ka kashe karkarwar. Kayan aikin ba su cika jaka ba: mabuɗin murɗa ƙusa, guntayen ƙyallen ulu da kake cusawa ka rufe bakin wayar da ba ka son ji, tocila, da maganin ɓera. Sai shauka, wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, ka buga shi a gwiwa ka kara a kunne ya ba ka sauti ɗaya tak, wanda duk duniya aka yarda shi ne ma'auni. Daga wannan sautin ake gina sauran.

A ƙofar shagon namu an rubuta gyaran kujeru da kabad. Kiɗa a wancan zamanin ba abin da ake tallarsa a titi ba ne, kun sani. Kafili, Balaraben da ya tsaya mini, ya sa aka rubuta mini kafinta a iƙama, takardar zaman ƙasa, har yau haka take, alhali ko benci ban iya haɗawa ba. Masu kiranmu kuwa kala-kala ne. Na taɓa zuwa wani katafaren gida inda aka sayo fiyano daga Turai don a jera hotunan yara a kansa. Ba mai iya kaɗawa a gidan, har masu aiki. Na wuni ina saitawa, uwargida ta leƙo ta ce, "Ka gama? To ka goge shi ya yi ƙyalli, baƙi za mu yi." Na goge, ya yi ƙyalli.

Abokin gabarmu a garin nan danshi ne. Teku na hura gishiri, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na busar da shi da rana, a kashe shi katako ya sha ruwa ya kumbura. Waya ta yi tsatsa, ramin ƙusa ya saki, sautin akwatin gaba ɗaya ya riƙa zamewa ƙasa a hankali. Mu'allim yana da tabo a gira, inda wata tsohuwar waya ta tsinke ta zabge shi yana saurayi. Duk ran da muka tarar da tsohon fiyano sai ya nuna mini tabon ya ce, "Ya Harun, tsoho ba a jan sa sama. Shauka ta sababbi ce. Shi wannan, inda ka same shi nan za ka daidaita shi da kansa, ka gyara masa zama ka tafi." Ba wayo ba ne, ba ha'inci ba ne, haka ake yi, in ba so kake ka tsinke wa mutane waya ka rasa inda za ka samo wata ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Aikin da nake so in ba ku labari a Abhur yake, can bakin teku a arewacin Jidda, wani gida a cikin unguwar Turawa mai katanga. Mu'allim ƙafa ta fara ba shi wahala, sai ya tura ni. Na yi sallama da Larabci, wani dogon Bature mai sanƙo ya buɗe ƙofa, ya kalli tsagen fuskata, ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Saura kaɗan jakata ta faɗi. Ashe likita ne, sun yi shekaru shi da matarsa a wani asibiti a arewacin Nijeriya kafin su zo nan. Ni dai Likita nake ce masa har ya bar duniya. Matar kuwa Madam Hilda, 'yar gajeriya, ƙasusuwa zalla, idonta kamar na shugabar makaranta. Ita ma tana jin Hausa, amma tata duk ta ba da umarni ce.

Fiyanon nata na uwarta ne, ya sha jirgin ruwa ya sha mota, amma lokacin da sauran ƙarfinsa, ya kai ma'aunin shauka. Na zauna na bi shi haƙori bayan haƙori tun safe har gumi ya jiƙa mini riga. Ranar Juma'a ce da hantsi, direban da zai mai da ni bai dawo ba, sai aka ce in jira a kicin. Ina nan mutane suka fara shigowa ɗai-ɗai: ma'aikatan jinya, injiniyoyi, wani malamin makaranta, matan aure. Aka ja labule, aka ƙure mukayyif don ƙararsa ta rufe. A kan tebur an ajiye kek da kyandir, ko wani zai ƙwanƙwasa a ce bikin ranar haihuwa ake yi. Duk Juma'ar duniya sai an haifi wani a gidan nan.

Suka jeru kashi huɗu: mata masu siririyar murya, mata masu kauri, maza na tsakiya, maza na ƙasa. Na gyara zama na ce yau zan ji aikina. Madam Hilda ta je gaban fiyano, ta miƙa ɗan yatsa, ta danna haƙori ɗaya. Ɗaya! Ta rufe murfin, ta juya masa baya. Shi ke nan, ba a sake taɓa shi ba har aka tashi.

Wallahi na ji haushi. Da Likita ya leƙo kicin na ce, "Likita, laifin me sauran haƙoran suka yi?" Ya yi dariya ya ce waƙoƙin nasu ba a sa musu kiɗa. Na kakanninsu ne, na coci, an tsara su a Ingila shekaru ɗaruruwa da suka wuce, murya zalla, ba ganga ba molo. Fiyano aikinsa kawai ya nuna musu inda za su tashi. Wasu da Ingilishi, wasu da Latin, domin a zamanin sarakunansu sun yi ta canza aƙida, har akwai waɗanda a ɓoye ake rera su a cikin gida, ƙofa a kulle. Ya nuna labulen ya ce, "Ka ga ba su yi baƙunta ba a nan." Na ce to in haka ne, nan gaba in saita ɗayan kawai in tafi. Madam ta jiyo daga falo. Ta ce, "Duka za ka saita, Malam Haruna." Haka na yi ta yi, duka, fiye da shekara ashirin.

Ni ruwana katako da waya. Abin da suke faɗa tsakaninsu ne da Mahaliccinsu, ban taɓa sa baki ba, kuma ana kiran salla na kama hanyar masallaci. Amma kunne ba shi da murfi, kuma kunnen nawa na sana'a ne. Kashi ɗaya ya fara, ɗaya ya biyo da kalmomin nan dai a makare, na uku ya shigo ta ƙasa, kowa da hanyarsa, ka ce rigima za a yi. Sai ka ji sun taru a ƙarshe a wuri ɗaya, sautin ya tsaya cak, ba karkarwa ko kaɗan. Abin da nake wuni ina nema a waya, su da maƙogwaro suke yin sa. A saman duka kuwa muryar Madam, siririya, tsaf, ba ta rawa.

Tana da doka ɗaya, kowa ya san ta. Ba a sauke waƙa don kowa. Yadda mai ita ya tsara ta haka za a yi ta, wanda muryarsa ta daina kaiwa ya fita daga layi ya koma kicin ya dafa wa mutane shayi. Na ga manyan mutane sun sha wannan kora. Kuma kada ku ce tana son kai. Ban fi 'yan shekaru ina zuwa ba, muryar Likita ta fara gazawa. Shi cikin maza na tsakiya yake, akwai wata waƙa da yake ji da ita, inda suke hawa sama, ya je wurin muryar ta fashe. Ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ta ce masa, a gaban jama'a, da irin muryar da ake sallamar direba, "Na gode." Mijinta fa! Ya rufe littafinsa, ya rusuna mata, ya shigo kicin ya tarar da ni. Ya ce, "Malam Haruna, an ƙara mini girma."

Ai kuwa mun shiga uku. Ban taɓa shan mugun shayi irin na mutumin nan ba. Ya tsoma ganye ya cire kamar mai tsoron ya ji masa ciwo, ya kwarara madara mai sanyi, sukari kuwa sai ka roƙa. Ruwan wanke kofi ya fi shi ma'ana. Na nuna masa yadda ake yi, na kawo masa na'ana'a daga Bab Makka, a banza. Mutumin da yake buɗe cikin ɗan Adam ya ɗinke, ya kasa tafasa ruwa. Turawan nan haka suke shanyewa suna cewa ya yi daɗi.

Muguwar shekara ita ce ta yaƙin Kuwait. Mu'allim ya riga ya koma Sham, shagon yana hannuna. Turawa suka kwashe iyalansu, fiyano ya zama kayan da ake roƙon ka ka ɗauka. Da ƙura ta lafa kuma sai ga ogan, wato fiyanon lantarki, daga Japan ya cika kasuwa, mara nauyi, ka sa a wuta ya yi ta yi, ba ya sauka ba ya hawa, ba ya neman Haruna. A shekarar ne na karɓi gyaran kujera na farko a rayuwata, don in ci abinci, kuma ba a kawo mini ta biyu ba. Na tura iyali gida na wani lokaci, na koma kwana a shago. Gida ɗaya ne bai fasa kira ba. Mawaƙan sun ragu sun koma 'yan tsiraru, amma lokaci na yi waya za ta yi ƙara: "Malam Haruna, Alhamis." Ita ko sama za ta faɗo sai an saita.

To shi fiyanon yana ta tsufa. Duk zuwa sai in tarar ya ɗan zame, wayoyin sun yi ja da tsatsa, ƙusoshin ba sa riƙo. Na yi abin da aka koya mini, na daidaita shi inda na same shi. Kaɗan-kaɗan ne, kunnen da yake jin sa duk mako ba zai lura ba. Shi yana sauka, mawaƙa suna bin sa, tunda shi ke nuna musu inda za su tashi. Mazan ƙasa suka fara gunaguni wai waƙa ta koma musu kamar daga rijiya, Madam ta ce su rage shan taba. Ita kuwa gashi ya yi fari fat, baya ya ɗan ranƙwafa, amma tana kaiwa. Baƙi suna mamaki. Takan ce, "Horo ne. Wanda bai yi wa muryarsa sassauci ba, ba ta gudunsa." Ni ina kicin ina shan azabata, ban ce komai ba, ba a tambaye ni ba.

Wata Alhamis ina aiki, Madam ta tafi kasuwa. Likita ya kawo mini shayi ya tsaya a bayana. Na danna haƙorin nan nata, ina sauraro. Sai na ji ya ɗauka a hankali, waƙar nan tasa da aka kore shi a kanta. Ya bi ta, ya bi ta, ya zo wurin hawan, ya haye sumul. Ya tsaya. Na tsaya.

Ya ce, "Malam Haruna, muryata ce ta dawo, ko akwatin ne ya tsufa?"

Na ce, "Akwatin ne, Likita."

"Haka na zata."

"To ka koma layi mana. Ka huta, mu ma mu huta."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. "In na koma, za ta tambayi yadda aka yi. Matata ba ta da wauta. Ran da ta gane akwatin ya sauka, za ta gane wanda ya sauka tare da shi." Ya ɗora yatsa a leɓe. "Sha shayinka, zai huce."

Ya huce tun a hanya, amma na sha. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma ya yi shekaru bayan nan yana jiƙa ganye a kicin, ƙofa a buɗe, yana kaɗa kai in suna yi.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Suna asibiti ita da shi, gida ba kowa, tankin ruwa na saman rufi ya fashe, ruwa ya bi silin ya sauka daidai kan fiyano, ya kwana ya wuni yana zuba. Da ya rasu aka shirya za a tafi da gawa Ingila, amma kafin nan za su taru ranar Juma'a su yi masa waƙa, wannan dai tasa. Madam ta kira ni da safiyar ranar. Na buɗe akwatin, haƙora sun kumbura sun manne da juna, ulun ya saɓule, allon baya ya tsage. Na danna nata, ko tari bai yi ba. Na ce, "Madam, sai haƙuri. Ya tafi." Ta ce, "Su biyu ke nan."

Akwai wani injiniya sabon zuwa a cikinsu, Mista Kolin, yaron kirki. Ya ce kada a damu, ya ruga mota ya ɗauko ogan ɗinsa. Nan na san asiri zai tonu. Suka jeru don su gwada kafin baƙi su cika, ya danna haƙorin, sautin ya fito daidai da ma'aunin duniya, ba ragi ba ƙari. Ba laifin yaron, ba laifin na'urar, su ne masu gaskiya. Aka tashi. Mazan ƙasa har da gyara tsayuwa, yau sun fito daga rijiya. A waƙar akwai inda muryar sama take hawa ita kaɗai, kowa ya saurara mata. Madam ta zo wurin, ta buɗe baki, abin da ya fito ba zan kwaikwaya muku ba. Ta ce a sake. Aka sake. Ya fi na farko muni.

Kolin ya ce a hankali akwai wani maɓalli a jikin ogan ɗin, in ya taɓa shi waƙar za ta sauko kaɗan, ba wanda zai sani. Ku ji fa, abin da ya ci mini shekaru ni da gishirin teku, shi maɓalli ne. Ta dube shi ta ce, "Ba a sauke waƙa don kowa." Ta rufe littafinta, ta miƙa wa wata ma'aikaciyar jinya, ta ce ita za ta hau wurin. Ta taho kicin da ƙafarta, ta ɗora buta a wuta. Matar da ta kori mijinta, ran sallamarsa ta kori kanta.

Na tausaya mata, ba zan ɓoye muku ba. A waje ana ta buɗe ƙofar mota, baƙi sun fara isowa.

Na ce, "Madam, sautin ogan ɗin nan yana sama da na fiyanonki."

"Kolin ya ce daidai yake."

"Ni ban san daidai na Japan ba. Na gidan nan na sani."

"Na gidan nan ya mutu, Malam Haruna."

"Akwatin ne ya mutu. Sautin yana kunnena."

Ta juyo ta kafe ni da ido. Na san abin da take jira, in buɗe baki in rera mata shi. Wannan kuwa ban taɓa yi ba, kuma ba ranar zan fara ba. Na ɗauko kofin gilashi, na karɓi butar a hannunta, na haɗa shayi na cika shi. Na ƙwanƙwasa gefensa da cokali. Ya yi ƙasa da yawa. Na kurɓa, na ƙwanƙwasa, ya ɗan hau. Haka gilashi yake, yana raguwa sautinsa yana tashi. Na ƙona harshe ina kurɓa ina bugawa, har na ji ya zauna daidai inda haƙorin nan nata yake zama. Na ce, "Ga shi."

Ta rufe ido ta saurara. Ta ɗauka a maƙogwaro, can ƙasa-ƙasa. Sai ta goge hannu a siket ta fita. Na bi ta da kofi a hannu kamar mai raba magani, na tsaya a bakin ƙofar kicin. Falo ya cika, ga hoton Likita a kan tebur, ga kek a gefensa don ko ranar ba a fasa ba. Ta karɓi littafinta ta ce da jama'a yau Malam Haruna ne zai ba da sauti. Na buga cokali. Kolin ya laluba haƙoran ogan ɗinsa a hankali yana neman sautin, bai same shi ba, yana tsakanin biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi tsohuwar. Sai ya sunkuya ya zare wayar wutar, ya koma layinsa. Na ce muku yaron kirki ne.

Suka yi. Mazan ƙasa suka koma rijiyarsu ba wanda ya yi ƙorafi. Da aka zo wurin hawan na riƙe kofin da hannu biyu. Ta hau. Siririya, tsaf, ta tsaya a can ita kaɗai har sauran suka zo suka same ta, aka sauka tare. Wata mata a kusa da ni tana ta share hanci. Ni dai na koma kicin na ajiye kofin a kan kantar kicin yadda yake, na fara haɗa jakata, don lokacin masallaci ya matso.

Ban kai ga fita ba ta shigo, ta turo ƙofar. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni ƙarfen nan naka." Na ce wane ƙarfe. Ta ce, "Malam Haruna." Na ciro shauka na ba ta. Ta buga a gwiwa yadda ta sha ganin ina yi, ta kara a kunne. Ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa kofin. Ko kurma ya ji tazarar.

"Tun yaushe?"

"Kaɗan-kaɗan ne, Madam. Tun kafin yaƙi. Da na ja shi sama da ya tsinke."

Ta gyaɗa kai. Na zaci faɗa za ta yi, na shirya. Sai na ga tana kallon butar, da gwangwanin ganyen shayi, da ɗan tawul ɗin da yake ratayawa a kafaɗa. Ta yi lissafinta ita kaɗai, na ga lokacin da ta kai ƙarshensa.

"To ai da shi ma zai kai," in ji ta.

Na sunkuya ina ɗaure jakata.

"Ya sani?"

"Ya kai, Madam. Na ji shi da kunnena, wata Alhamis kina kasuwa."

"Me ya hana shi faɗa?"

"Ya ce za ki tambayi yadda aka yi."

Ta jawo kujerar da yake zama a kai, ta zauna. Ta daɗe tana juya cokalin a hannu. Can ta ce, "Duk shekarun nan. Kuma ko sau ɗaya shayinsa bai taɓa yin daɗi ba." Ta kifa kai a kan kantar, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauki jakata na fita ta ƙofar baya, na bar mata shaukar, ban kuma sayi wata ba.

Miƙo jawwal ɗin naka, Basiru. Da kana wurin ranar, ka kara shi a kofin nan, ja zai nuna maka, kuma gaskiyarsa. Sai ka shiga falo ka gaya musu.